Ɗaukar Hoton Mesa, a Daji da a Tsare

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma babu maganar da ji ya ɓata kamar ta mesa. Kowane ɗayanmu ya tashi da labarinta a kunne: wai tana haɗiye sa har da ƙahoninsa, wai tsawonta ya kan kai igiyar rijiya, wai numfashinta kaɗai ya isa ya jawo akuya daga nesa. Amma in aka tara masu ba da labarin aka ce, "Wane ne ya taɓa ganinta da rai, a inda ta ke zaune?" sai a ga hannu kaɗan ne zai tashi. To, tun da ya ke yawancinmu makarantun ƙauye za mu koma mu koyar, ga shi kuwa yau ba a rasa kyamara a aljihun malami, ko da ta wayar hannu ce, ya kamata mu san yadda a ke ɗaukar hoton wannan dabba, mu kuma san abin da hoton zai iya ba da shaida a kansa da abin da ba zai iya ba. Mun zaɓi ƙasar Minjibir, arewa maso gabas da birnin Kano, ta zama mana wurin misali, domin irinta ce ƙasar da mafi yawanmu za su yi aiki a ciki, inda gona ke gogar gona.

Da fari sai mu san cewa mesa ba iri ɗaya ba ce. Tamu, babbar nan, masana suna kiranta Python sebae, sunan sebae kuwa an raɗa mata shi ne a shekarar 1789, don tunawa da wani mai sai da magunguna na birnin Amstadam, Albertus Seba, wanda ya tara dabbobin ƙasashe cikin kwalabe, ya sa aka zana su a manyan littattafai. Shi kuwa ya rasu a 1736, watau shekara 103 kafin a bayyana hikimar ɗaukar hoto a Faransa a 1839. Saboda haka Turawa sun fara sanin mesarmu ne ta hannun masu zane, waɗanda galibi gawa su ke kallo. Babbarta ta kan kai ƙafa 10 zuwa 13, wadda ta wuce 16 kuwa sai a daɗe ba a samu ba. Akwai kuma ƙanuwarta, Python regius, wadda ba ta cika wuce ƙafa 5 ba. In ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo, ta ɓoye kanta a tsakiya. Ita ce a ke fita da ita da yawa daga Gana da Togo da Benin zuwa gidajen masu kiwon macizai a Turai da Amurka.

Can a Ostareliya da Niyu Gini akwai wata 'yar'uwarsu, Morelia spilota, wadda Turawa ke siffantawa da darduma saboda zanen bayanta. Tsawonta galibi ƙafa 6 zuwa 10 ne. Gwanar hawan itace ce, ta kan kuma shiga rufin gidajen mutane ta zauna tana cin ɓeraye, masu gida da yawa su ƙyale ta. Da ya ke tana zaune kusa da mutane masu kyamarori, hotunanta sun cika littattafai da intanet, har malamin da ke neman hoton mesa don ajinsa ya iya kwaso nata bai sani ba, ya nuna wa yaran Kunya ko Kantama abin da ba za su taɓa gamuwa da shi a gonar ubansu ba. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne, kububuwa ma da darduma a ke siffanta ta a Turanci. Suna ɗaya ya gama marar dafi ta wata nahiya da mai kisa ta bayan gidanmu.

Nan ne maganar ta tashi daga wasa. Mesa ba ta da dafi, amma ɗanta ranar da ya fito daga ƙwai tsawonsa inci 18 zuwa 24 ne, kuma kububuwa ma ba ta cika wuce inci 24 ba. Dukansu masu zane ne, dukansu launin ƙasa da busasshiyar ciyawa, kuma a nan Afirka ta Yamma 'ya'yan mesa su kan fito ne wajen faɗuwar damina, daidai lokacin da manoma ke sunkuye a gona. Kububuwa ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane a wannan yanki namu. Tun a shekarun 1970 likita David Warrell ya yi bincike a kan saranta a Zariya, aka ƙara fahimtar yadda dafinta ke hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zub da jini ta dasashi da ta ciki. Har yau kuma asibitin Kaltungo a Jihar Gombe da jinyar saran maciji aka san shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa da shi kowace shekara. Yaron da aka nuna masa hoton da ba daidai ba, ya ga kububuwa ya ce ɗan mesa ne ya kai hannu, to, malaminsa yana da hannu a abin da ya biyo baya. Kama da wane ba wane ba ne.

Ga alamun da hoto nagari zai fito da su. A bisa kan mesarmu akwai baƙin zane mai kama da kan mashi, tsininsa wajen hanci, da layi mai haske a kowane gefe. A ƙarƙashin ido kuma akwai ɗan tabo mai kusurwa uku. Ɓawon jikinta sumul ya ke, yana ƙyalli. A leɓenta akwai ƙananan ramuka waɗanda ta ke jin ɗumin jikin gafiya ko zomo da su cikin duhu, a gindin wutsiya kuma akwai 'yan ƙaya biyu, ragowar ƙafafu. Kasa kuwa gajera ce mai kauri, kanta faffaɗa, wuyanta siriri, ɓawonta da kaushi, zanenta kamar an jera harafin V a bayanta. Kububuwa tana da fararen ɗigo a jere, in ta fusata ta kan lanƙwashe ta goga jikinta da juna ya yi ƙara kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Wasu su kan ce a duba ƙwayar ido, in a tsaye ta ke kamar ta kyanwa to mai dafi ne. Kada a bi wannan, domin ta mesa ma a tsaye ta ke, ta gamsheƙa kuwa zagaye ce.

Neman ta a ƙasar Minjibir

Tun a 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa suka buga bincikensu a kan ƙasar da ta kewaye Kano, inda jama'a suka yi yawa har kusan ba a barin gona ta huta, itatuwan da suka rage kuwa, gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka, kowanne da mai shi. A irin wannan ƙasa babbar dabba ba ta da wurin ɓuya sai kaɗan, saboda haka mai nema ba zai ɓata ƙafarsa a tsakiyar gonar gero ba. Mesa abokiyar ruwa ce, gwanar iyo, ta kan kuma daɗe a nutse. Sai a nufi fadama, da gaɓar kogin Jakara wanda ya taso daga cikin birnin Kano aka datse shi a Wasai a 1976, da duhuwar kacalla a bakin dam ɗin, da tsohon suri, da ramin da wata dabba ta haƙa ta bari, da rijiyar da ta rufta. Kafin duk wannan kuwa sai a gaisa da mai unguwa a gaya masa abin da ya kawo mu, don kada a ga baƙi suna leƙe-leƙe a lambun mutane a ɗauke su wani abu dabam. Masu lambu da masunta da makiyaya su ne malamanmu a nan; abin da za mu yi mako muna nema, su sun san shi tun bara.

Alamunta sun fi ita kanta sauƙin samu, kuma su ma abin ɗauka ne. Babbar mesa in ba ta cikin gaggawa miƙe ta ke tafiya, ba ta karkace-karkace irin na sauran macizai, sai ta bar sawu faffaɗa a rairayi kamar an ja buhu. Akwai saɓarta da ta kan bari a jikin ƙaya ko bakin rami, akwai kashinta mai gashin abin da ta ci, tare da wani farin abu kamar alli. Wanda ya ɗauki hoton sawu da saɓa, ya ajiye sanda mai awo a gefensu, ya rubuta rana da wuri, bai dawo hannu banza ba, ko da bai sa ta a ido ba. Mu a ganinmu wannan ya fi hoton mesar da aka tono da fartanya daraja nesa ba kusa ba.

Lokacin da ya fi shi ne hantsi a kwanakin hunturu. Jikin maciji ba ya yin ɗumi da kansa, sai ya ara daga rana, don haka bayan daren sanyi ta kan fito bakin raminta ta shanya jiki. Hazon nan da mu ke kuka da shi alheri ne ga mai kyamara, gama yana tausasa haske, zanen jiki ya fito sarai. Rana tsaka kuwa ɓawonta ya kan ƙyalƙyale ya yi fari a hoto, inuwa ta yi baƙi ƙirin, ita ma ta riga ta shige. Mesa ba ta da kunne a waje, amma tana jin motsin ƙasa ta muƙamuƙinta, tana ganin abin da ya motsa, tana kuma ɗanɗanar iska da harshe. Saboda haka a taka a hankali, a zo ta inda iska ke busowa daga wajenta zuwa wajenmu, kada kuma a tsaya tsakaninta da raminta ko tsakaninta da ruwa. In an tare mata hanya sai ta ja wuya ta yi huci ta kawo sara, haƙoranta kuwa a lanƙwashe su ke zuwa ciki, su kan yaga nama, raunin ya kan ruɓe in ba a kula ba. A bar tazarar da ta wuce tsawon jikinta duka.

Kada mutum ɗaya ya tafi. Ba don mesar ba ma. Haɗarin da ya fi kusa shi ne abin da ke kwance cikin ciyawar da mai hoto zai durƙusa a kai, idonsa na cikin kyamara, hankalinsa na can gaba. Abokin tafiya aikinsa ke nan, ya duba ƙasa da sanda kafin a sa gwiwa, kowa kuma ya sa dogon takalmi.

Yanzu sai aikin kyamara. Abu biyu ne ke tsaron haske a cikinta, mu kira su ƙofa da ƙyaure. Ƙofa ita ce ramin da haske ke bi, ana iya faɗaɗa ta ko a tsuke. Ƙyaure kuwa shi ke buɗewa ya rufe, ana iya sa shi ya yi sauri ko ya jinkirta. In ƙofa ta yi faɗi, wuri kaɗan ne zai fito tangaram, abin da ke gabansa da na bayansa su dushe. To, maciji dogon abu ne, in ya fuskanto mu kansa na kusa jikinsa na nesa, don haka sai a tsuke ƙofa zuwa f/8 ko f/11, a daidaita gani a kan ido. Hoton da idonsa ya dushe ya mutu, ko da kowane ɓawo na wutsiya ya fito. Ƙyaure kuma kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa in a hannu a ke riƙe da kyamara. Wanda ke son ya kama harshe a waje sai ya kai 1/500 ko fiye, ya ɗauka da yawa a jere, ɗaya ta dace. Gilashi mai jawo nesa, na milimita 200 ko 300, shi ke ba mu damar cika hoto da kanta ba mu matsa ba. Mai wayar hannu ba shi da wannan, gilashinsa na ɗaukar fili ne, shi ya sa zuciya ke raya masa ya ƙara taku biyu. Kada ya bi ta. Gara mesa ƙarama a tsakiyar hoto, da kacalla da ruwa kewaye da ita. Wannan ma ya fi nuna yadda ta ke zaune.

A fara da hoton wurin duka tun daga nesa, don in ta sulale an sami wani abu. Sa'an nan a ɗauki jikinta gaba ɗaya, kana a sunkuya daidai tsayin idonta a ɗauki gefen kai, inda tabon ƙarƙashin ido da ramukan leɓe su ke. Hoton bisa kai, mai nuna zanen mashi, shi ya fi wuya a daji, sai in wurin yana da tudu ko gaɓa da za a tsaya a kai. Fitilar walƙiya kuwa a rage amfani da ita. Maciji ba shi da fatar ido da zai rufe, wani ɓawo ne garai-garai ya lulluɓe idon, kuma walƙiyar ta kan dawo daga jikinsa ta ɓata zanen. In aka ga idon ya yi fari-fari kamar mai yana, saɓa ce ta kusa, ba ta gani sosai, ta kuma fi saurin fushi.

Mesa biyu ne ba mu yarda a matsa musu ba ko kaɗan. Ta fari ita ce wadda ta haɗiyi abu cikinta ya yi tulu. Ita ce ta fi daɗin ɗauka domin ba ta iya gudu, amma in aka dame ta sai ta amayar da abincin don ta sami sauƙin tsira, abincin da mai yiwuwa ta yi makonni tana kwanton ɓauna kafin ta samu. Ta biyu ita ce mai kwanci. Mesa ta kan yi ƙwai 20 zuwa 50, wani lokaci fiye, ta naɗe su da jikinta wata biyu zuwa uku ba ta cin kome. A 2018 Farfesa Graham Alexander na Jami'ar Wits ya buga abin da ya gano game da mesar kudancin Afirka, 'yar'uwar tamu ta kusa: uwar ta kan rikiɗa ta yi baƙi don ta fi ɗaukar zafin rana, ta koma rami ta ɗumama ƙwan, bayan ƙyanƙyasa kuma ta zauna da 'ya'yan kamar mako biyu. Da ƙananan kyamarori masu gani a duhu ya gano wannan, ya zura su cikin ramukan ya bar su. Abin lura, ba a ga wannan hali a hannun masu tono ba, sai a hannun wanda ya ajiye kyamara ya ja da baya. Irin kyamarar nan da a ke ɗaurewa a gindin itace, ta ɗauka da kanta lokaci bayan lokaci, ita ta fi dacewa da bakin ramin da a ke zato.

Wadda ke tsare

Abin da daji ya hana, keji ya kan bayar. Wanda ke son hoton bisa kai, ko ramukan leɓe dab da dab, ko ƙayoyin gindin wutsiya, sai ya nufi gidajen ajiye namun daji, irin na Kano da aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ko na Jos, ya nemi izini, ya tambayi ma'aikata abin da ke akwai da lokacin da ya fi. In gilashi ne tsakani, a goge shi, a manna bakin kyamara a jikinsa, a yafa baƙin zane a kai don kada inuwar mai ɗauka da farar rigarsa su fito. In waya ce, a matso da bakin kyamara dab da ita, a buɗe ƙofa sosai, a jira mesar ta yi nisa da wayar; sai wayar ta narke ta ɓace. Ba a ƙwanƙwasa gilashi, ba a tsokana da kara.

Amma fa wadda ke tsare jikinta kaɗai ta ke ba da shaida a kai, ba zamanta ba. Inda ta kwanta, mutum ne ya zaɓa mata. Abin da ta ci, mutum ne ya ba ta. Reshen da ta hau, mutum ne ya kafa. Sau da yawa ma jikin nata ya kan faɗi inda ta ke: hanci ya goge saboda gogar waya, guntayen tsohuwar saɓa sun manne don wurin ya bushe, ko ta yi ƙiba fiye da kima don rashin motsi. Kada mai hoto ya ɓoye waɗannan. Su ma labari ne, wani lokaci kuma hoton da ya nuna su shi ke sa a gyara kejin.

Akwai kuma mesar gardawa, waɗanda ke yawo kasuwa-kasuwa da ita a wuya ko a akwati, suna wasa suna sai da magani. A 2005 da 2007 wani mai hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wata ƙungiya ta Hausawa masu wasa da kura da birai da mesa, ya ɗauke su a gefen Abuja da wasu garuruwa, hotunan suka zaga duniya, aka yi ta gardama a kansu. Mu dai abin da za mu ce shi ne, hotunan mutane ne da sana'arsu, kuma a wannan fuska sun yi ƙarfi. Wanda ya nemi sanin halin mesa a cikinsu ya ɓata hanya. Haka abin ya ke a ɗakin tsafin mesa na garin Wida a Jamhuriyar Benin, inda a ke rataya wa baƙo ƙaramar mesa a wuya a ɗauke shi hoto. In ɗayanmu zai ɗauki ta gardi, ya nemi yardarsa, su gama maganar kuɗi tun da fari, ya ja su inuwa, kada ya sa a riƙe ta a rana don shi, gama zafi ya kan kashe macijin da ya rasa wurin fakewa. Babbar mesa kuwa kada wani ya yarda a ɗora masa ita a wuya, ko da an ce ta saba.

Mun zo kan ƙaryar da kyamara ke yi, babbarta kuwa ta tsawo ce. A riƙe mesa mai ƙafa 8 a bakin sanda, a miƙo ta dab da kyamara, mutanen su tsaya can baya, sai ta fito kamar gungumen giginya. Yawancin hotunan da ke yawo a WhatsApp da Facebook, a ce ga dodon da aka kashe a gari kaza, wannan dabara ce kawai. A 1959 wani hafsan sojan Beljiyam ya kawo hoton maciji da aka ɗauka daga jirgi mai saukar ungulu a lardin Katanga na Kwango, ya ce ya kai ƙafa 50. Amma babu wani abu a hoton da aka san girmansa tabbas, don haka bai zama hujja ba. Ƙungiyar masu kula da gidan namun daji na Niyu Yok ta sa lada tun farkon ƙarni na 20 ga duk wanda ya kawo maciji mai rai da ya kai ƙafa 30, ladan ya hau har dala 50,000, aka janye shi a 2002 ba wanda ya ci. Fata ma ba shaida ba ce, domin in an feɗe ta kan miƙe ta ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar ko fiye. Hanyar gaskiya mai sauƙi ce: bayan mesar ta tafi, kada mai kyamara ya gusa daga inda ya ke, abokinsa ya je ya shimfiɗa sanda mai awo daidai inda ta kwanta, a sake ɗauka, a gwada hotunan biyu.

Ƙarya ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Wasu su kan ari mesar gardi, ko su kama ta daji su sanyaya ta har jikinta ya mutu, su ɗora ta a kan reshe mai kyau, su ce haka suka tarad da ita. Ko manyan gwanaye sun faɗa wannan rami: a 2010 aka ƙwace kambun babbar gasar hoton namun daji ta Landan daga hannun wani ɗan Sifen, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ya ɗauka yana tsallake shinge na gida ne da aka horar. A wurinmu ɓarnar ta wuce ta gasa. In hotuna masu rana da wuri suka taru daga bakin Wasai shekara goma, za a iya sanin ko mesa tana nan ko tana ƙarewa; hoto ɗaya na keji da aka liƙa masa sunan Wasai ya isa ya ɓata lissafin. Saboda haka kowane hoto a rubuta masa rana da sa'a da wuri, a faɗi ko a daji ne ko a tsare, a kuma faɗi in an taɓa ta ko an gusar da ita.

Sai dai wurin, ba kowa a ke gaya wa ba. Dukawa na son fatarta don jaka da takalmi, masu magani na son kitsenta, mai kaji kuwa da ya yi asarar zabi biyu ba ya tuna gafiyoyin da ta cinye masa a bayan rumbu. Yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa mesa cikin dabbobin da ba a ƙetare iyaka da su ko da fatarsu sai da takardar izini, Nijeriya ma ta yi dokarta a kan haka a 1985, amma doka ba ta gadin bakin rami. Wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto ainihin inda aka ɗauke shi, kuma kuka ɗaya da ta fito a bayan hoto ta isa ɗan gari ya gane wurin. Cikakken wuri a ajiye shi a littafin makaranta, ko a ba masana ta irin dandalin iNaturalist, wanda ke da hanyar ɓoye shi daga idon jama'a. Wanda za a watsa kuwa a ce "ƙasar Minjibir" a tsaya nan.

Ranar da za a kai hotunan aji, a jera uku a allo, ɗan mesa da kasa da kububuwa, kowanne da awo a gefensa don yara su ga girmansu na gaskiya, a rubuta a ƙarƙashin kowanne inda aka ɗauke shi. A bar su su nemo zanen mashi da harafin V da fararen ɗigo da kansu. In sun gama, a rufe rabin kowane hoto da takarda, kamar yadda ciyawa ke rufe maciji a gona, a sake tambayarsu. Za a ga da yawa sun rikice, sa'an nan ne za a gaya musu cewa duk maciji mai zane da bai wuce tsawon hannu ba, a gona kububuwa ce, a ja da baya a kira babba.